Hasumiya ba masallaci: yini guda a garin Ronda

Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki, wanda mulkinsa ba ya gushewa, wanda ya hore mana ƙasa muke tafiya a bayanta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa musulmi, mafi yawanku kun san maganar da take tsakanin jama'ar masallacinmu tun watannin baya, game da kuɗin da aka tara daga sadakar Juma'a da gudummawar ƴan kasuwa. Wasu daga cikinmu suna son a ɗaga hasumiya, a yi ta doguwa yadda za a hango ta tun daga bakin gari, a sa mata sababbin amsa-kuwwa. Wasu kuma suna son a rufe ɗakunan makaranta biyu da damina ta yaye, a yanka wa malaman nan biyu masu karantar da yara wani abu da za su riƙa karɓa kowane wata. Kuɗin ba zai ɗauki aikin biyu ba. An nemi mu faɗi inda muka karkata, muka yi ta jinkiri, saboda liman in ya karkace, sahu duka ne yake karkacewa. Amma shirun ya yi yawa har ya fara zama wata magana, kowane ɓangare yana cewa liman nasa ne. To yau za mu faɗa. Sai dai muna roƙonku ku yi haƙuri mu bi da ku ta doguwar hanya, ta wani ƙaramin gari a ƙasar Ispaniya inda muka taɓa yini sau ɗaya.

A azumin shekara ta 1445, wasu samari ƴan ƙasarmu masu neman abinci a birnin Malaga, a bakin teku kudancin Ispaniya, suka gayyace mu mu ja musu asham. Bayan salla, cikin watan Afrilu na 2024, saura kwana biyu mu dawo, sai ɗayansu mai mota ya ce: "Allah gafarta Malam, bai kamata ka koma gida ba ka ga Ronda ba. Tafiyar yini ɗaya ce, mu tashi da safe mu dawo da magariba." Sunan ba baƙo ba ne a kunnenmu. Larabawa suna ce da garin Runda, kuma duk wanda ya taɓa riƙe sharhin Hikam ya ga sunan Ibn Abbad ar-Rundi a bangon littafin. Muka ce to.

Mun tashi da hantsi mu huɗu. Tun ba mu fita gari ba ƙaraminmu ya yi tambaya, kuma tambaya ce mai kyau: shin za mu yi ƙasaru? Nisan wajen kilomita 100 ne, ya wuce baridi huɗu da malamanmu na Malikiyya suka iyakance, wato mil 48, abin da ya kai kilomita 80 ko kusa da haka. Kuma zuwa kaɗai ake lissafawa, ba a haɗa shi da dawowa. Ta wajen nisa ke nan babu magana. Amma Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya ƙara wani sharaɗi da mutane suke mantawa da shi, ya fitar da mai tafiyar saɓo da mai tafiyar wasa. Wanda shagala kawai ta fito da shi, kamar mai farauta don nishaɗi, an karhanta masa ƙasaru. Muka ce wa yaron: "Kai za ka ba mu amsa. Me ya fito da kai?" Ya yi dariya ya ce hoto zai ɗauka ya aika gida. Muka ce masa to ya gyara niyyarsa tun muna kan kwalta, domin umurnin tafiya a bayan ƙasa saboda lura ya zo a wurare da dama cikin Alƙur'ani, kamar surar Ali Imrana da ta An'ami da ta Rumu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma wani yana cikin ibada wani yana cikin yawo. Sai dai mun tunatar da su abu guda: ayoyin nan suna magana ne a kan mutanen da suka ƙaryata manzanni, mutanen Ronda kuwa musulmi ne ƴan uwanmu, ƴan mazhabarmu. Ba za mu je kallonsu kamar waɗanda aka yi wa azaba ba. Za mu je kamar mai ziyarar dangi.

Garin yana kan dutse, sama da mita 700 bisa teku, mutanensa ba su kai 35,000 ba. Wani ƙaramin kogi mai suna Guadalevín, wanda aka ce asalinsa Wadil-laban ne da Larabci, ya tsaga dutsen gida biyu ya bar kwazazzabo mai zurfin sama da mita 100. A kansa aka ɗora wata gada ta dutse da aka gama a 1793, kuma ita ce take kawo baƙi daga ko'ina cikin duniya. Mun leƙa, kanmu ya juya, muka yi tasbihi. Kusa da ita akwai tsohon filin wasan bijimai na 1785 wanda mutanen garin suke alfahari da shi. Ba mu shiga ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya hana a azabtar da dabba don wasa, kuma ba shi ya kawo mu ba.

Muka haye gada muka shiga tsohon gari, wanda shi ne birnin musulmi na da. Hanyoyinsa ƙanana ne masu lanƙwasa, gidaje farare manne da juna, ƙofofi na katako mai kauri. Wanda ya san lungunan Birni a Damagaram ba zai ji baƙunta sosai ba. Ba mu yi nisa ba sai ga ta a wani ɗan fili tsakanin gidaje: hasumiya mai kusurwa huɗu, ƙasanta dutse, samanta jan tubali, da ƴar ƙofa mai baka irin kofaton doki. Ba wata doguwa ba ce, ta Agadas mai mita 27 ta fi ta tsawo. An gina ta a ƙarni na 14. Muka zagaya ta muna neman masallacinta, muka koma inda muka faro. Babu masallaci. Bayan da garin ya fita hannun musulmi an mai da masallacin majami'a, aka ƙara wa hasumiyar wani hawa a sama don a rataye ƙararrawa. Daga baya ita ma majami'ar ta rushe ta ɓace, hasumiya ta saura ita kaɗai. Ta yi wa ladan aiki, ta yi wa mai kaɗa ƙararrawa aiki, yanzu kuma masu ɗaukar hoto take yi wa, bakinta bai taɓa cewa uffan ba.

Mun daɗe a tsaye a wurin nan har samarin suka fara duban juna. Abin da ya riƙe mu shi ne tunanin waɗanda suka gina ta. Lalle akwai wata jama'a da ta zauna kamar yadda muke zama bayan la'asar, ta tara kuɗi, wani attajiri ya ce tubali nasa ne, wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta kawo abin da take da shi. Allah ya san niyyarsu kuma ladarsu tana wurinsa, ba mu da shakka. Amma ga aikin hannunsu, ya fi shekara 600 a tsaye, shekara 500 da ɗoriya daga ciki ba a kira salla a kansa ba ko sau ɗaya.

Sunan filin da take tsaye a ciki Abul Beka, wato Abul Baƙa'i ar-Rundi, mawaƙin nan da ya yi wa Andalus kuka a cikin ƙasidarsa sananniya, bayan da Ƙurɗuba ta faɗi a 1236, Balansiya a 1238, Ishbiliya a 1248. Ya yi ta kiran musulmin ƙetaren teku su kawo ɗauki. Ya rasu a 1285, garinsa yana nan da ladanai da alƙalai, kuma ya ci gaba da zama haka har shekara 200 cif bayansa. Ku lissafa da kyau, ya ku ƴan uwa: tun da Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetaro a 711 har zuwa 1485, wajen shekara 770 ke nan ana salla a ƙasar nan. Daga jihadin Shehu Usmanu na 1804 zuwa yau ba a kai sulusin wannan ba. Yaron da aka haifa a Ronda a wancan zamani, da an ce masa wata rana za a rasa mai alwala a lungunsu, da ya ce mahaukaci ne mai maganar.

Daga nan muka wuce babban filin gari inda majami'ar Santa Mariya take, a daidai gurbin masallacin Juma'a. Ana biyan kuɗi a shiga. Wata dattijuwa da take karɓar kuɗin, da ta ga rawani da carbi, ba mu tambaye ta ba ta nuna mana wani wuri da hannu, kusa da mashiga. Bakan mihirabi ne, da sauran zanensa na ganye da ƙulle-ƙulle da aka sassaƙa a farar ƙasa. Shi kaɗai ya rage. Ba mu yi salla a ciki ba, Risala ta lissafa majami'u cikin wuraren da ake ƙin salla a cikinsu. Tsayawa kawai muka yi. Mu limamai mun san mihirabi irin sanin da sauran jama'a ba su yi masa ba. Wuri ne da mutum yake tsayawa shi kaɗai, ba ya ganin kowa, sai dai ya ji amin ta taso a bayansa kamar iska a gonar hatsi, ya san akwai mutane. Mahaifin Ibn Abbad mai huɗuba ne a garin nan, kuma mai yiwuwa ne a ƙarƙashin wannan baka ya riƙa tsayawa. Muka juya muka dubi bayanmu, sai kujeru da gumaka da baƙi suna magana ƙasa-ƙasa. Muka yi istirja'i muka fito.

Yadda garin ya faɗi kuwa, sai an sauka cikin dutsen ake gane shi. A bakin kwazazzabon akwai wani gida da ake shiga, a cikinsa akwai matakala sama da 200 da aka fafe cikin dutse a ƙarni na 14, zamanin da Banu Marin na Maroko suke riƙe da garin. Tana sauka har bakin kogi. Ta nan ake ɗebo ruwa in an kewaye birni, bayi kamammun yaƙi daga cikin Kiristoci suna miƙa wa juna salka daga hannu zuwa hannu cikin duhu da danshi. Mun sauka, kuma hawowar ta nuna mana shekarunmu. Ba za mu ɓoye muku ba, mun tuna da bayin nan a kowace matakala, domin gumin wanda aka zalunta ba ya bushewa a wurin Allah ko wane addini yake bi. A watan Mayu na 1485, shekara ta 890 bayan hijira, Sarki Fardinan ya zo da igwa. Masu tarihi sun ce an yaudari sarkin yaƙin garin ya fita da dakarunsa yana zaton wani wuri za a kai hari, sannan aka tare bakin matakalar nan daga ƙasa, ruwa ya yanke. Cikin kusan mako biyu birnin da ake cewa ba ya ciwuwa ya buɗe ƙofa. A daidai lokacin, a Garnaɗa, wadda ita ce ya kamata ta aiko da ɗauki, sarauta tana tsakanin mutum uku na gida ɗaya: Abul Hasan, da ɗansa Abu Abdullahi, da ƙanensa Zagal, kuma ɗan ya riga ya ƙulla alkawari da Fardinan don ya samu galaba a kan ubansa. Aka fitar da musulmin Ronda daga birninsu, aka raba gidajensu ga baƙi. Garnaɗa ta bi baya a watan Janairu na 1492.

A gindin ganuwa, can ƙasa bakin ruwa, akwai gidan wanka na ƙarni na 13 zuwa na 14, ɗaki mai sanyi da mai ɗumi da mai zafi, rufinsa da huji-huji masu siffar taurari inda haske yake shigowa. Jaki ne yake juya na'ura mai guga-guga ta ɗago ruwa daga rafi. An gina shi kusa da ƙofar gari don matafiyi ya tsarkaka kafin ya shiga. Bayan musulmi an mai da shi majema, sannan ambaliya ta binne shi, sai a ƙarni na 20 aka tono shi. Wanka kansa ya zama laifi daga baya: a 1567 Sarki Filib na biyu ya sa doka a kan jikokin musulmin ƙasar Garnaɗa, wadda ta hana gidajen wanka, da harshen Larabci, da sunayensu da tufafinsu, ta kuma wajabta su bar ƙofofin gidajensu a buɗe ranar Juma'a don a ga abin da suke yi.

Azahar a can, a agogonsu na wannan lokaci, ba ta shiga sai bayan ƙarfe biyu. Muka bi ganuwa har ƙarshen gari ta kudu, inda wata tsohuwar ƙofa take tsakanin hasumiyoyin tsaro biyu. Mai motar ya karanta allon ya ce sunanta Almocábar. Muka ce ya sake faɗa. Ya sake. Al-maƙabir ke nan, kalmar da muke cewa maƙabarta, tana nan a bakin mutanen da ba su san ma'anarta ba. Ta ƙofar nan ake fita da gawa, kuma filin da yake gabanta, inda yara suke wasa yanzu, nan kaburburan musulmi suke. Muka yi musu sallama kamar yadda aka koya mana. Muka koma gefe a gindin ganuwa, muka yi alwala da ruwan gora, ƙaraminmu mai hoto ya kira salla da murya ƙasa-ƙasa, muka yi raka'a biyu. Ba wanda ya tsangwame mu. Wani tsoho mai jan kare ma ya dakata, ya bi ta bayanmu don kada ya gitta. A faɗi gaskiya, Ispaniya ta yau ba ta jiya ba ce: tsarin mulkinta na 1978 ya ba da ƴancin addini, a 1992 hukuma ta ƙulla yarjejeniya da musulmin ƙasar, a 2003 aka buɗe masallaci a tsohuwar unguwar Garnaɗa. Mutanen da suka nuna mana mihirabi ba su ne suka rufe shi ba. Bayan salla muka ci burodi da cuku da zaitun da muka zo da su, domin gidajen abinci na can cinyoyin alade ne rataye har rufi.

Da la'asar sakaliya muka kama hanyar komawa, ta gangaren da yake sauka zuwa Marbella a bakin teku. Ranar garau take, har muka hango dutsen Ɗariƙu da duwatsun Maroko a bayansa kamar hayaƙi. Garin Marbella yana da suna a littattafan fiƙihunmu. An tambayi Shehu Wansharisi, mai littafin Mi'iyar, game da wani musulmi na garin da yake son ya zauna bayan faɗuwarsa don ya riƙa tsaya wa raunanan musulmi a gaban hukuma. Shehu ya ce hijira ta wajaba a kansa. Amma ba kowa ne yake da kuɗin jirgi ba. Da aka tilasta wa waɗanda suka saura shiga Kiristanci, sai wani malami, Ahmad bin Abi Juma'a, ya aika musu da fatawar da aka sani da fatawar Wahran a 1504, ya sauƙaƙa musu: su yi salla ko da da ishara ne, su yi taimama ko da shafar bango ne, su fitar da zakka kamar kyauta suke yi wa maroƙi, abin da aka tilasta musu su yi shi da gaɓɓai zuciya tana ƙi. Ku duba irin ƙuncin da yake sa mufti ya rubuta haka.

A cikin motar nan ne, kowa ya yi shiru, muka tambayi kanmu: to me ya tsira daga Andalus? Sai muka ga amsar tana zaurenmu, cikin gafakar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Muwaɗɗa da muke karantawa, ruwayar Yahaya bin Yahaya al-Laisi ce, mutumin Ƙurɗuba da ya rasu a 848. Ishiriniya da matanmu da yaranmu suke rerawa a watan Mauludi, ta Alfazazi ce, shi ma ɗan Ƙurɗuba. Alƙalanmu na da, Tuhfa ta Ibn Asim na Garnaɗa ce a gefen buzunsu. Wanda ya yi nisa a nahawu sai ya sha wuyar Alfiyya, mai ita kuwa Ibn Malik haifaffen Jayyan ne, ya rasu a Dimashƙa a 1274. Shaɗibi makaho, mai ƙasidar ƙira'o'i, daga garin Shaɗiba ya fito, kabarinsa yana Alƙahira. Ƙurɗubi mai tafsiri ya bar garinsa bayan an ci shi, ya rasu a Misira a 1273. Shi kansa Ibn Abbad, an haife shi a Ronda a 1333, ya ƙetare teku yana yaro, ya zama limami kuma mai huɗuba a masallacin Ƙarawiyyin na Fas har ya rasu a 1390. Babu ɗaya daga cikin waɗanda suka fita da ya ɗauki tubali guda a kansa. Abin da yake cikin ƙirjinsu suka tafi da shi, ya bi ayari daga malami zuwa almajiri, ya ratsa hamada, har ya iso Tawa da Maraɗi da Damagaram. A cikin shekarun nan da Garnaɗa take faɗuwa ma, Shehu Magili yana ratsa Azbin zuwa Kano ta Muhammadu Rumfa da Katsina, yana karantarwa.

Waɗanda ba su samu fita ba kuwa, labarinsu ya fi kusa da mu. Tun a 1462 wani malami a Segobiya mai suna Isa ya rubuta taƙaitaccen littafin farillai da sunnoni da harshen ƙasar, saboda jama'arsa sun daina jin Larabci. Suka riƙa rubuta harshensu da baƙaƙen Larabci, kuma sunan da ake kiran wannan rubutu da shi, alhamiyado, daga kalmar ajami ya fito, ajaminmu ɗin nan da ake rainawa. An ƙone littattafai a dandalin Garnaɗa wajen 1500, sai suka koma ɓoyewa. A 1884 masu gyaran wani tsohon gida a ƙauyen Almonacid de la Sierra suka ɗaga daɓe, sai ga tarin littattafai da wani ya ɓoye bai dawo ya ɗauka ba. Da irin waɗannan takardu, da abin da uwa take raɗa wa ɗanta cikin dare, mutanen nan suka riƙe kalmar shahada sama da shekara 100 ba liman a fili, ba ladan, har aka kore su gaba ɗaya tsakanin 1609 da 1614, mutum wajen 300,000. Takardun kotun da take tuhumarsu sun nuna sau da yawa mata ne suke riƙe da abin a cikin gida.

Mun san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiya a cikinsa: ilimi bai hana igwa karya ganuwar Ronda ba, garin yana da malamai ranar da ya faɗi. Haka ne. Wani kuma zai ce: Malam, wa ya kewaye mu? Wa zai ƙwace mana masallaci a ƙasar da kusan kowa musulmi ne? Muna roƙon Allah kada ya nuna mana. Amma masallaci yana iya zama kango ba tare da an harba ko tsinke ba. A watan nan da muka yi a Malaga, na'ibinmu ya kwanta ciwo kwana uku. Ku da kanku kuka ba mu labari: a masallacin da sahu yake fita har titi ranar Juma'a, an rasa wanda zai shiga mihirabi ya ja asham, sai aro aka yi daga wata unguwa. Masu wankan gawa a cikinmu tsofaffi biyu ne a maza, tsohuwa ɗaya a mata, kuma ba mu ga wanda yake tsaye kusa da su yana koyo ba. Samarinmu suna iya kwana suna gardama a kan ƙablu da sadlu har a daina gaisawa, amma a tambayi ɗaya abin da zai yi in ya manta zaman tahiya ta farko, sai ya sunkuyar da kai. Wannan laifinmu ne kafin ya zama nasu. Malaman nan biyu da suke zaune da yara tun asuba, ɗayansu ya gaya mana da bakinsa cewa in damina ta wuce zai tafi cin rani, saboda allo ba ya ciyar da iyalinsa. In ya tafi, yara sittin ne za su watse.

Ba mu raina niyyar masu son hasumiya ba, kuma kada wani ya ɗauki takardar nan ya je yana yi musu gori da ita. Cikinsu akwai waɗanda suka fi kowa ba da kuɗin, kuma ladar gina masallaci ta tabbata a hadisi ingantacce. Hasumiya alama ce ta Musulunci a gari, malamai ba su hana ta ba. Sai dai masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ba shi da ita a zamaninsa. Bilal, Allah ya yarda da shi, kan rufin gidan wata mata ƴar Banu Najjar yake hawa ya kira asuba, saboda gidanta ya fi na maƙwabta tsawo. Amsa-kuwwarmu ta yanzu, a kan ƙarfen da take, tana kai kira har bayan kasuwa.

Saboda haka ga ra'ayinmu, tun da an nema. A rufe ɗakunan nan biyu kafin ruwa ya sauka. A yanka wa malaman biyu abin wata, a rubuta shi a takarda da shaidu don kada ya zama abin roƙo. Abin da ya saura a buɗe darasin Ahalari da Ishmawi ga mata tsakanin azahar da la'asar, a kuma zaɓi samari huɗu da mata biyu su lazimci masu wankan gawa daga wannan wata. Mu kuma mun ɗauki alkawarin zama da duk saurayin da yake son Risala, kowace ranar Asabar da Lahadi bayan asuba, ba da ko dala ba. Hasumiya a aje mata asusu nata daban, wanda Allah ya hore masa ya zuba, a gina ta in ta cika.

Wannan shawara ce, ba hukunci ba. Kuɗin na jama'a ne kuma jama'a ce za ta yanke. Za a zauna ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar a harabar masallaci. Muna roƙon dattawan kwamiti da ƴan kasuwa su halarta, a kuma aiko da wakilai daga wajen mata. Wanda yake da hujjar da ta fi tamu ya zo da ita, za mu saurara.

Allah ya jiƙan musulmin da suke kwance a bakin ƙofar Almocábar, waɗanda ba su da mai ziyara, ya jiƙan malamansu da muke cin gajiyar tawadarsu, ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Ya saka wa samarin nan na Malaga da alheri, ya tsare musu addininsu a baƙon wuri, ya dawo da su gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.